Yarona yana son gasar takalmin taya ta duniya: ta ina ake farawa?

Abu Sadiƙ, Jidda:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da yaro ɗan shekara 10 da ya shaƙu da takalmin taya, har ya zama duk daren Juma'a sai mun kai shi bakin teku ya yi ta zagaye. Kwanan nan ya bar sha'awar gudu, ya koma kallon bidiyon masu tsalle su juya a iska su dira da ƙafa ɗaya, suna tafiya da kiɗa, kuma ya dage cewa shi ma gasar duniya yake son zuwa. Ba na so in kashe masa gwiwa, ba na kuma so in zuba riyal a abin da ba shi da makoma. Shin wannan wasa yana da hukuma da tsari, ana yin sa a Olamfik, kuma yaron da ya tashi a nan zai iya kaiwa ga wannan mataki?

Abu Hafsa, Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadiƙ. Allah ya raya mana shi. Wasan yana da tsari, kuma ya daɗe: an kafa hukumarsa ta duniya a 1924, aka yi gasar duniya ta farko ta wannan fanni na gwaninta a birnin Washington na Amurka a 1947. A 2017 hukumar ta haɗe da ta masu hawan katako mai taya, suka zama World Skate, wadda hedikwatarta take a Lausanne ta ƙasar Suwizalan. Ita ce ta shirya babban taron wasannin taya a Nanjing ta Sin a 2017, da Basalona a 2019, da Ajantina a 2022, da Italiya a 2024.

Amma ya kamata ka sani tun yanzu cewa wannan fanni ba ya cikin wasannin Olamfik. Hawan katako mai taya ne ya samu shiga a gasar Tokyo da aka yi a 2021, shi kuwa na gwaninta mafi girman dandalinsa shi ne gasar duniya, sai World Games, taron wasannin da ba sa cikin Olamfik, inda aka riƙa yin sa daga 1981 zuwa 2022, sai wasannin nahiyoyi, kamar na Amurka da na Asiya. Wannan ya sa kuɗin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma akasarin 'yan wasan iyayensu da kulob ɗinsu ne suke ɗaukar nauyinsu. Italiya ce ta fi kowa ƙarfi, ita ta fitar da zakaru irin su Tanja Romano da Luca Lucaroni, sai Sifaniya da Fotugal da Ajantina da Barazil suna biye da ita.

Ummu Bilal, Madina:
Yaya Abu Sadiƙ, ni abin da zan ja hankalinka a kai shi ne ƙasan da yaron yake takawa, domin abin da yake yi a bakin teku da abin da ya gani a bidiyo sun yi hannun riga. Takalmin gasa yana da taya huɗu, biyu gaba biyu baya, da dunƙulen roba a ƙarƙashin yatsu wanda ake dokawa a ƙasa wajen tashi a wasu tsalle-tsallen, wuyansa kuma yana da tauri don ya riƙe idon sawu lokacin dira. Ana zaɓar taya gwargwadon daɓen: mai tauri idan daɓen yana kama ƙafa, mai ɗan laushi idan yana da santsi. Filin gasar duniya yakan kai mita 25 a faɗi da 50 a tsawo, a cikin rufaffen zaure, shimfiɗe sumul. A kan bulon titi kuwa, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da taya, yaro ya tafi da haɓa.

Akwai wani sashe da ba ya burge mai kallo, amma a ganina shi ne tushe. Ana zana da'irori a ƙasa, manyan suna kai mita 6 a faɗi, ɗan wasa ya tura sau ɗaya ya bi layin da ƙafa guda, ya juya daga gaba zuwa baya ba tare da tayoyinsa sun kauce ba, alƙalai kuma suna tsaye kusa da shi suna duban ƙafar. Wanda bai iya karkata jikinsa ya riƙe gefe ɗaya na takalmi haka ba, ko ya yi tsallen Axel, wanda ake tashi ta gaba a juya sau ɗaya da rabi, dirarsa ba za ta yi tsabta ba. Tsarin ba da maki na yanzu, wato Rollart, bai bar wurin rufa-rufa ba: kowane tsalle da kowane juyi yana da ƙimarsa a rubuce, ana sake duba bidiyo a ga ko juyin ya cika, sannan alƙalai su ƙara ko su rage bisa kyawun aikin. Saboda haka kafin ka sayi takalman kamfanin Edea ko Risport masu tsada, ka fara neman zaure mai kyakkyawan daɓe da koci wanda ya san wannan fanni, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu Usman, Makka:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai maganar da ta fi takalmi da daɓe nauyi a wurinmu mazauna nan. Ba a shiga gasar duniya da sunan mutum shi kaɗai. Hukumar wasan ta ƙasa ce take tura ɗan wasa, shi kuma yana wakiltar ƙasar da yake riƙe da fasfonta. Idan yaronka ɗan ƙasa ne, hanyarsa ta nan take. Idan kuwa da iƙama, wato takardar izinin zama, kuke zaune, fasfonsa na Najeriya ko Nijar ko Sudan, to ko da a Jidda ya koyi komai, a can gida za a yi masa rajista, kuma tafiye-tafiyen nan duka a wuyanka suke. Ka kuma zauna da mahaifiyarsa ku yi shawara a kan kiɗa da irin tufafin da ake sawa, tunda ban da sashen da'irori, kusan komai da kiɗa ake yin sa. Gara a yanke wannan tun yaro bai yi nisa ba.

Abu Hafsa, Riyad:
Gaskiyarka, Alhaji. Zan ƙara da cewa idan burin Olamfik ne a zuciyar yaron, irin wannan gwaninta a kan ƙanƙara tana cikin Olamfik, akwai kuwa filayen ƙanƙara a wasu manyan kantuna na Jidda da Riyad, kuma tsalle-tsallen fannonin biyu kusan iri ɗaya ne. Tara Lipinski ta Amurka da takalmin taya ta fara, kafin ta koma kan ƙanƙara ta ci zinare a gasar Olamfik ta Nagano a Japan a 1998 tana da shekara 15. Malam Abu Sadiƙ, ka kai shi ya gwada duka biyun, ka kuma sa masa kariyar gwiwa da ta wuyan hannu duk lokacin da zai hau.