Me Ke Faruwa Da Ƙwaƙwalwar Ɗan Ɓera Idan Aka Raba Shi Da Uwarsa?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina nazarin halittu a jami'a, kuma wani abu ya ɗaure mini kai. Na karanta cewa 'ya'yan ɓeran da ake ɗauke su daga uwarsu na minti 15 kullum suna girma da natsuwa, amma waɗanda ake raba su da ita na awa uku suna tashi da saurin firgita. Ta yaya rabuwa za ta haifar da sakamako biyu masu karo da juna?

Malam Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Malama, amsar tana wajen uwar. Idan aka mayar mata da 'ya'yanta bayan ɗan lokaci kaɗan, takan tattaro su ƙarƙashinta, ta yi ta lasarsu fiye da yadda ta saba. Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada sun nuna a 2004 cewa lasar makon farko tana sauya yadda wata ƙwayar gado ke aiki a hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai alaƙa da tunawa. Ɗan da ya sha lasa yakan samu yawan masu karɓar kotikosteron, wato wuraren da wannan sinadarin damuwa ke maƙalewa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, don haka jikinsa yana saurin lafawa bayan tsoro. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da aka yi musayar 'ya'ya tsakanin iyaye mata, ɗan ya biyo wadda ta raine shi, ba wadda ta haife shi ba.

Baƙo Daga Maraɗi:
Malam ya yi gaskiya, kuma ba sai an raba su ba ma. Tallie Baram a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine takan rage wa uwa kayan shimfiɗa daga kwana na 2 zuwa na 9 bayan haihuwa. Uwar tana nan, tana shayarwa, amma hankalinta a tashe yake, ta shiga ta fita, ta fara lasa ta katse. 'Ya'yan suna girma da raunin tunawa, kuma rassan ƙwayoyin jijiyarsu a hifokamfas suna raguwa.

Malam Mai Nazari:
Haka ne, ɗan'uwa, sai dai ba na son a kira wannan lalacewa kawai. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa 'ya'yan da suka samu ƙarancin lasa mahaɗan jijiyoyinsu ba sa ƙarfafa sosai a lokacin kwanciyar hankali, amma idan kotikosteron ya yi yawa sun fi takwarorinsu, har ma sun fi riƙe darasin tsoro. Ina ganin ƙwaƙwalwar ta shirya wa duniya mai haɗari ne. An kuma ga cewa zama cikin faffaɗan keji mai kayan wasa da abokan zama bayan yaye yana rage wa 'ya'yan da aka raba da uwarsu saurin firgita.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode, Malam. Zan fara da batun musayar 'ya'yan.