Ina so in sa katin girafik ɗina aikin Folding@home amma ya ƙi kamawa

Sani_Kurna:
Salam 'yan uwa. Ina da kwamfutar tebur da nake editin ɗin bidiyo da ita, akwai katin girafik RTX 3060 na kamfanin Nvidia a ciki, kuma da rana idan na tafi shago haka take zaune ba ta komai ga sola tana ta zuba wuta a banza. Sai na ji labarin Folding@home, wai mutum zai ba da aron ƙarfin na'urarsa ana binciken ciwon daji da ciwon mantuwa na tsofaffi. Na sauke na sa, CPU (ƙwaƙwalwar kwamfutar) na aiki amma GPU, wato katin girafik ɗin, ko motsi. Me na rasa? Kuma idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki shikenan an yi asara?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam. Malam Sani kusan ko da yaushe matsalar direba ce, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya sarrafa katin. Wanda Windows ke saka maka da kansa wani lokaci ba ya zuwa da OpenCL cikakke, shi kuma shirin da OpenCL yake fara gane katin, sannan in Nvidia ne ya yi amfani da CUDA (duka biyun hanyoyin ba katin aikin lissafi ne). Je shafin Nvidia ka sauko da direban 3060, wajen sakawa ka zaɓi wanda zai goge tsohon gaba ɗaya, ka kashe ka kunna, sannan ka shiga saitin shirin ka tabbata an yi wa GPU alama. Kuma kar ka ba shirin duka zaren CPU, wato layukan aikinta, ka bar ɗaya aƙalla don shi ke ciyar da katin, in ka cinye su duka za ka ga katin yana tafiya kamar mai jin barci.

Maganar wuta, yana ajiye inda ya tsaya lokaci lokaci, in ka kunna zai ɗora daga nan, abin da za ka rasa kaɗan ne. Abin tsoron shi ne wa'adi, kowane aiki da suka turo yana da lokacin mayarwa, in ya wuce sai a ba wani, wahalarka ta tafi.

Maman_Hanif:
Tambaya ta jahila don Allah, wai kwamfutar gida ta ina take haɗa magani??

Injiniya_Bala:
Ba magani take haɗawa ba Hajiya. Furotin da ke jikinmu sai ya naɗe a wata siffa kafin ya yi aikinsa, in ya naɗe ba daidai ba shi ke jawo cututtuka irin Alzheimer (ciwon mantuwa) da Parkinson (ciwon karkarwa). Lissafin motsinsa ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, sai a yanka shi gunduwa gunduwa a raba wa jama'a, kowa ya yi nasa ya mayar. Vijay Pande ne ya fara shi a jami'ar Stanford ta Amurka a 2000, a 2020 lokacin korona mutane suka yi ca a kansa har ƙarfinsa ya zarce na manyan kwamfutocin duniya na lokacin.

Abba_Rijiyar_Zaki:
Ni dai zafi zan ja maka kunne a kai. 3060 tana shan wat 170, awa 24 kusan yunit 4 kenan katin kaɗai banda sauran kayan, in batirinka ƙarami ne kar ma ka yi tunanin barin ta cikin dare. Sa manhajar MSI Afterburner ka rage mata wuta zuwa kashi 70 ko kusa da haka, aikin da za ka rasa bai taka kara ya karya ba amma fanka za ta daina ihu. Watan Afrilu a ɗakin da ba AC ni kashe tawa nake da azahar. Ga ƙurar hunturu, in ka buɗe akwatin za ka ga ta toshe haƙarƙarin ƙarfen nan na bayan fanka kamar auduga, sai ka hure ta, amma riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta.

Ka nemi passkey, wato lambar sirrinka, a shafin Folding@home, imel za su turo maka, bayan ka gama aiki 10 za ka fara samun ƙarin maki na saurin mayarwa. Makin fa ba kuɗi ba ne, na faɗa don akwai masu zuwa da tunanin mainin ne, wato haƙar kuɗin kirifto.

Sani_Kurna:
Allah Ya saka da alheri. Direban ne kuwa, ina canzawa ta kama aiki, yanzu tana kan digiri 74 kafin ma in rage wutar. Abba ni batiri biyu gare ni, in sa ta tsaya ƙarfe nawa kenan?