Wai Napoli ba ta da nata manyan ne?

Ɗan Agege: Salam 'yan uwa. Jiya a gidan kallo musu ya kaure, wani yace duk sanannun 'yan ƙwallon Napoli, garin nan na Italiya, baƙi ne, Maradona ɗan Ajantina, Osimhen kuma namu ne na nan Legas, to wa garin ya haifa?

Mai Shayi Apapa: Haba mutumina, Cannavaro fa? Can aka haife shi, shi ne kyaftin da Italiya ta ɗau kofin duniya a 2006 kuma shekarar ya cinye Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, ɗan baya fa! Insigne ma ɗan yankin ne.

Hajiyar Idi-Araba: Ku dai komai ƙwallo. Giorgio Napolitano haifaffen garin ne, yayi shugaban ƙasar Italiya daga 2006 zuwa 2015.

Ɗan Agege: Godiya nake Hajiya, amma wallahi a gidan kallo Cannavaro kaɗai zai rufe musu baki.