Allon Taɓawa a Mota: Abin da Aka Tattauna a Aboabo

Daren Asabar bayan Isha, hirar majalisarmu a Aboabo, unguwa a Kumasi, ta koma kan motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, waɗanda komai nasu sai an taɓa allo.

Shawarar da kowa ya amince da ita: a daidaita AC, rediyo da taswira kafin a tayar da mota. Wani direba ya yi mana lissafi, in kana gudun kilomita 60 a awa, daƙiƙa 2 da za ka kalli allo motar ta ci mita 33. A hanyar kasuwar Kejetia, inda pragya, wato keke mai ƙafa uku, ke faɗowa ba sallama, wannan ya isa a yi ɓarna. Ni ma na taɓa kusan bugar mai tallan ruwa ina neman inda ake rage sanyi, har yau abin na damuna.

Wani bakanike daga Suame Magazine, unguwar bakanikai a Kumasi, ya ce: "Alhaji, kafin ka biya kuɗi, danna kowace kusurwar allon, ka saka ribas ka duba kyamara." In allon ya mutu, wani lokaci har AC ya tafi da shi, kuma sau da yawa sai an yi odarsa. Ƙurar hunturu kuwa, tsumma mai laushi ake sawa, kada a fesa ruwa kai tsaye. A riƙa rufe gilashin gaba a rana.

An kuma ce a saba da maɓallan sitiyari. A Turai ma, daga 2026 Euro NCAP, ƙungiyar da ke gwada amincin motoci, na rage maki ga motar da ta ɓoye hon, sigina ko waifa cikin allo.