Ciwon furostat da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da abin da yake yi wa hankalin namiji

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. Magidanci ne ya fi wata uku yana jin nauyi da zogi tsakanin maraina da dubura, fitsari na masa zafi, wani lokaci har bayan ya sadu da iyali. An ce sanyi ne, ya sha magani har ya gaji, gwajin fitsari kuma bai nuna komai ba. Yanzu barci ya ƙaurace masa, ya bar zuwa majalisa, yana gudun matarsa. Damuwa ce ta jawo ciwon, ko ciwon ne ya jawo damuwar?

Malam Hamadu, ma'aikacin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowanne na hura wa ɗayan wuta. Alamun da ka faɗa sun yi kama da ciwon furostat, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji. Cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kasa ciwon furostat gida huɗu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na masu shi suna rukuni na uku, wanda ba a samun ƙwayar cuta a cikinsa. Amma ciwon gaskiya ne, kada a ce masa raki yake yi.

Akwai tsokoki a ƙasan mara da ke riƙe mafitsara da dubura. Mai fargaba yana ɗaure su bai sani ba, kamar mai cije haƙora cikin barci. Tsoka ta daɗe a ɗaure sai ta yi tsami, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Shi kuma sai ya ce cutar kansa ce, wato ciwon daji, ko mazakuta ta tafi, sai tsokar ta ƙara ɗaurewa. Ƙarancin barci ma yana ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi.

A fara da gwajin fitsari kofi biyu, kafin likita ya matsa furostat da bayan ya matsa. In an ga ƙwayar cuta, ciprofloxacin 500 mg sau biyu a rana, mako 4 zuwa 6. In babu, maimaita shi banza ne, ga haɗarin ciwon agara, kuma duk kwalin da ya ƙare ba sauƙi yana ƙara karya wa mutum zuciya.

Hajiya Dudu, mai kantin magani, Kuseri:
Malam Hamadu ya yi bayani. A tambaye shi ko yana shiga ruwan Lagdo, Binuwai ko Logon. Tsargiya na shiga furostat, har a ga jini a maniyyi. A duba ƙwanta a fitsarin tsakar rana. Maganinta praziquantel ne, 40 mg kan kowane kilo na nauyin jiki. Kuma don Allah a raba shi da tramol. Zai rufe zogin na ɗan lokaci, ya bar shi da jaraba da ƙarin ƙunci.

Malam Bakari, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, Ngaundere:
A auna damuwar yadda ake auna ciwon. Takardar PHQ-9 tambaya tara ce, maki 0 zuwa 27. Daga 10 zuwa sama yana buƙatar kulawa ta musamman. In ya ambaci gajiya da rayuwa ko son kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Likita kan ba da amitriptyline 10 zuwa 25 mg da dare, yana rage zogin jijiya ya kawo barci, sai dai yana busar da baki, yana iya riƙe fitsari. Tamsulosin 0.4 mg na sassauta fitsari, amma a faɗa masa tun farko cewa maniyyi na iya raguwa, in ba haka ba zai firgita ya watsar.

A gida: zama cikin ruwan ɗumi minti 15, numfashi mai zurfi yana sakin mara, tafiyar minti 30 kullum, rage yaji da shayi mai kauri. Mai aikin babur ya riƙa sauka yana miƙe ƙafa.

Abin da na fi so a yi shi ne a zo da uwargida wurin likita, ta ji da kunnenta cewa rukuni na uku ba a ɗaukarsa ta saduwa, kuma ba cutar kansa ba ce. Zargi da shiru tsakanin ma'aurata sukan fi zogin kansa cin rai. A ba magani mako 6 kafin a sake aunawa.