Ranakun haihuwa da na rasuwar danginmu na neman ɓace mana, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Goggona ta rasu wata huɗu da suka wuce, Allah Ya jiƙanta. Sai da ta tafi muka gane ashe duk ranakun gidanmu a kanta suke. Ita ce za ta bugo waya ta ce yau shekara kaza ke nan da rasuwar kakanku, ko jibi ne ranar haihuwar wane. Makon jiya ranar rasuwar mahaifinmu ta zo ta wuce, mu bakwai babu wanda ya tuna sai bayan kwana uku. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Abin da ke hannuna shi ne tsohon littafin kakanmu, inda ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da lissafin Hijira, sai takardun shaida waɗanda a ciki mutum uku duk an sa musu 1 ga Janairu. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi kada mu sake mantawa?

Wata yaya: Allah Ya gafarta mata, ƙanwata. Ki fara da tsofaffin da suka rage. Kada ki tambaye su shekara, za su ce ba su sani ba. Ki tambayi abin da ya faru a lokacin, da wa ya girmi wa, da wa ake goyo sa'ad da aka haifi wane. Idan aka ce an haife shi ana gama yaƙin duniya na biyu, kin samu 1945. Amma ki yi hattara. Kakata ta ce an haifi ƙanenta shekarar tauraruwa mai wutsiya, na ɗauka Halley ce, wadda ta bayyana a 1910 da 1986, sai na ga ko ɗaya bai dace da shekarunsa ba. Wata ce daban da aka gani a 1965. Duk abin da aka faɗa miki, ki rubuta sunan wanda ya faɗa a gefensa.

Wani malamin lissafi: Littafin kakanku ya fi takardun nan ƙarfi. Sau da yawa 1 ga Janairu cike gurbi ne kawai idan ba a san ranar ba. Shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Don juya shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, ki ninka ta da 0.97, ki ƙara 622. Misali 1365 za ta ba ki 1946, Rajab ɗinta kuma ya faɗo a watan Yuni. Manhajojin juya kwanan wata za su fitar miki da ranar, amma suna iya saɓawa da kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata, kuma ranar Hijira daga faɗuwar rana take somawa. Ki ajiye lissafin biyu gefe da gefe, kada ki goge na asalin.

Wani ɗan'uwa: Ni Google Calendar nake amfani da shi. Na buɗe kalanda guda ta dangi, na sa kowace rana ta riƙa maimaituwa duk shekara, da tunatarwa mako ɗaya kafin ta zo, na raba wa 'yan'uwana. Sai dai maimaitawar lissafin Miladiyya take bi, ranakun Hijira sai kin shigar da hannu kowace shekara.

Wata uwa: 'Yata, kada ki jingina da waya kaɗai. Tawa ta lalace da komai a ciki. Ki samu littafi mai bango mai ƙarfi, shafi ɗaya ga kowane wata, ki ba mutum biyu kwafi. Inda babu tabbas ki rubuta "wajen 1946", kada ki ƙirƙiro rana don shafin ya cika. Cikakkiyar ranar haihuwar masu rai kuma kada ki baza ta a intanet, 'yan damfara na amfani da ita.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Akwai ƙanen kakanmu da ya haura shekara 90, har yanzu hankalinsa garau. Ranar Asabar zan je wurinsa da littafin, in naɗi muryarsa idan ya yarda. Malam, akwai shafi ɗaya da ruwa ya cinye lambar ƙarshe ta shekarar, 137 kawai ake gani. In na ɗauko hotonsa, za ka taya ni dubawa?