Musayar waƙa: Hikayata ta mata ce, mu maza fa?

Sakatare: Salamu alaikum 'yan uwa marubuta, sanarwa biyu ce. Ta farko ran 21 ga Maris ita ce ranar waƙa ta duniya, za mu yi zaman karatun waƙoƙi bayan la'asar a ajin da muka saba haɗuwa, kowa ya zo da tasa a rubuce a takarda. Ta biyu kuma 'yan uwa mata don Allah ku fara shirin gasar Hikayata ta BBC Hausa tun yanzu kafin a buɗe, gajeren labari ne kalma 1000 zuwa 1500, kar a bari sai jarabawa ta matso sannan a fara kame-kame. Dokar zaure dai kun santa, amsa sai da baiti.

Ɗan Gobir:
Na ji kira sakatare na amsa,
Sai dai akwai ƙorafi a bakina.
Kowace shekara a buɗe gasa,
A ce ta mata ce, ban da irina.
Na kwana ina ta gyaran labari,
Barci ya yi ƙaura daga idona.
In na kammala wa zan miƙa wa,
Ko in ninke in sa a aljihuna?

'Yar Zazzau:
Yayana sannu da ƙorafi,
Zauna ka saurari bayanina.
A 1933 aka sa gasa,
A Zariya, garin kakannina.
Bature Rupert East ya nemi labarai,
Hukumar Fassara ta ce a kawo mana.
Imam ya shiga, Bello Kagara ya shiga,
Da Tafawa Ɓalewa, duba tarihi mana.
Littafi biyar aka buga daga ciki,
Ba na mace ko ɗaya, wannan ne zafina.
Sai 1980 Hajiya Hafsat Abdulwahid,
Ta buɗe ƙofar da ta zam gadona.

Wallahi ba gori nake ba yaya, amma ka lissafa da kanka, daga 1933 zuwa 1980 shekara 47 kenan ana buga ƙagaggun labaran Hausa ba sunan mace a bango, ita ma Hajiyar ta hanyar gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya littafinta ya fito, to Hikayata da aka fara a 2016 ita ce za ta tsone maka ido?

Bakatsine:
Ni dai ku bar batun gasar nan,
Alƙalami ba ya son kwaɗayi.
Mai yin rubutu don a ba shi kyauta,
Ran da ya faɗi ya daina yi.
Ku rubuta abin da ke damun jama'a,
Ko ba alƙali, ko ba sauyi.

'Yar Zazzau:
Malam Bakatsine na girmama ka,
Amma a nan kam ba na bin ka.
Imam da kake ta yabo kullum,
Gasa ce ta fito da gwaninka.
Da bai ji kira ya ɗau alƙalami ba,
Me za ka karanta a ajinka?
Wa'adi shi ke tashin malalaci,
Ya gama abin da ya fara, har kai kanka.

Autar Zaure: ni dai sabuwa ce aji ɗaya nake, ku yi haƙuri da karin nawa bai zauna ba tukun

Anti ni tsoro ne ya hana ni,
Labarin na nan cikin wayata.
Ban san inda ake raba kalma ba,
Da inda ake haɗe ta a rubuta.
Ƙa mai lanƙwasa da ɗa da ɓa,
Kibod ɗina ya ƙi ya fitar da ita.
In alƙalai suka ga wannan,
Ai tun layin farko za su ajiye ta.

Ɗan Gobir:
Auta share hawayenki ƙanwata,
Wannan aikin kam fannina ne.
Kibod na Hausa ana saukewa,
Ki zo da wayar, minti biyu ne.
"Ya na" da "yana" ki kula da su,
A haɗe ake yi, wannan doka ne.
Labarin naki, ba zan taɓa zubinsa ba,
Ƙa'idar rubutu kawai zan duba, shi ke nan ne.

Amma 'Yar Zazzau ban janye ba fa, tarihin da kika kawo gaskiya ne kuma ina murna da Hikayata har zuciyata, sai dai yaran da ke shigowa ƙungiyar nan maza su ma suna buƙatar inda za su gwada ƙarfinsu tun suna aji ɗaya, ba wai sai sun rubuta cikakken littafi sun kai gasar Gusau Institute a Kaduna ba, wannan ai sai wanda ya riga ya goge.

'Yar Zazzau:
To a nan mun haɗu yayana,
Mu sa tamu a cikin gida.
Mace da namiji kowa ya kawo,
A cire suna a kan takarda.
Malamanmu na sashen Hausa,
Mu roƙe su su yi mana alƙalanci da shaida.

Bakatsine:
In dai za a karanta a fili,
A gyara wa kowa kuskurensa,
Na yarda, har ma zan kawo nawa,
Ku faɗa min ranar karɓarsa.

Sakatare: Alhamdu lillahi, na rubuta shawarar, za mu tattauna ta ran 21 ɗin bayan an gama karatun waƙoƙi, a tsayar da adadin kalmomi da ranar rufewa da kuma wanda zai je ya samu malamai. Auta ki zo da wuri ke da duk mai matsalar kibod, Ɗan Gobir zai zauna da ku kafin a fara.